Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Yadda injuna ke raba matasan arewacin Kano da yatsunsu

Da zarar kaka ta kama a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi, ƙarar injin casa ce ke cika gari tun daga hantsi har bayan magariba. A kan jawo injin a bayan amalanke ko a-kori-kura, a girke shi a bakin gona, samari su kewaye shi. Wannan na miƙo dami, wancan na tura zangarniya cikin bakin injin, wani kuma na tara buhu.

Aikin da mata kan kwashe kwanaki suna yi da turmi da taɓarya, yanzu cikin 'yan sa'o'i ake gama shi. Babu manomin da ke son a koma gidan jiya.

Sai dai kusan duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san yadda mummunan labarin ke zuwa. Injin ya shaƙe, mai gona na jira, akwai wasu gonakin a gaba, rana kuma ta yi sanyi. Maimakon a kashe injin, sai mai turawa ya miƙa hannu don ya zaro abin da ya maƙale. Kafin na kusa da shi ya buɗe baki, aikin gama ya gama.

Irin wannan rauni bai tsaya a gona ba. Matasan da ke tura dawa cikin injin casa da kaka, su ne ke tafiya ci-rani garejin masu walda a birnin Kano, da kasuwar ƙarafa ta Ƙofar Ruwa, da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, har zuwa kamfanonin narka ƙarfe na jihohin Legas da Ogun. A duk waɗannan wurare jarinsu ɗaya ne, wato hannayensu biyu, kuma su ne suka fi kusa da bakin inji.

Gona ta yi kaɗan, baki ya yi yawa

Yankin da ke kewaye da birnin Kano na cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya yi nazari a kan yadda manoman yankin ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutar da ita ba, suna riƙe ƙarfinta da takin gida da tokar bola da ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna.

Daga wancan lokaci zuwa yau an raba gonakin nan gado sau biyu ko sau uku. Gonar da ta ciyar da gandu guda a zamanin kaka, yau ta zama 'yan filaye a hannun jikoki. Damina kuwa a arewacin jihar ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar.

Akwai noman rani a kewayen madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai, da Thomas a ɓangaren Ɗambatta, da Gari a Kunchi, amma filin bai kai ya ɗauke kowa ba. Saboda haka da an kai amfani gida, matashi kan ɗauki 'yar jakarsa ya nufi hanyar Kano zuwa Daura ko ta Kano zuwa Katsina, ya shiga mota.

A da, ɗan ci-rani kan yi ga-ruwa, ko dako, ko yankan farce, ko gadi. Har yanzu ana yin waɗannan, amma harkar ƙarfe ta ja matasa da yawa, domin kuɗinta na zuwa hannu a kullum, kuma ba a tambayar takardar makaranta. Ba a kuma tambayar ko ya taɓa tsayawa a gaban injin da za a ba shi.

Daga bola zuwa rodi

Gwamnatin tarayya ta taɓa yin babban buri a kan ƙarfe. An fara aikin Ajaokuta a ƙarshen shekarun 1970, aka buɗe na Aladja a jihar Delta ta yanzu a 1982, sannan aka gina kamfanonin murza ƙarfe uku a Katsina da Jos da Osogbo. Ajaokuta bai taɓa yin cikakken aikin da aka gina shi dominsa ba, sauran kuma an sayar da su ga 'yan kasuwa a zamanin mulkin Olusegun Obasanjo.

Yawancin rodin da ake sarrafawa a cikin gida a yau daga tsofaffin ƙarafa yake fitowa. Sarƙar na farawa ne daga ɗan gwangwan da ke yawo da kura a ƙauye yana sayen tsohon kwano da mataccen keke da garmar da ta karye. Daga nan kaya su isa wurin dillali a auna, a sare manya a rage musu girma, a loda a tirela zuwa kamfani, galibi a yankunan Ikorodu da Ogijo da Sagamu da Ota.

Kowane mataki na da irin nasa haɗarin. Mai tsinta yana fama da yankan kwano da tsatsa. Mai sara yana riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, injin yanka a ɗayan. Mai lodi kuma yatsunsa na tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ko tsakanin sarƙa da ƙugiya a lokacin da ake ɗaga kaya.

A cikin kamfani, ana narka ƙarfen a tukunyar lantarki da zafinta ke kaiwa kimanin digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyos, a zuba shi ya zama sanduna masu kauri. Sai a sake gasa sandunan har su haura digiri 1,000, a riƙa cusa su tsakanin manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, suna sirancewa suna ƙara tsawo har su zama rodi.

A masana'antun zamani, inji ne ke miƙa wa inji, ma'aikaci yana kallo daga nesa. A masu tsohon yayi kuwa mutum ne ke tsayawa da babbar awartaki, ya cafke jan rodin da ya fito a guje, ya juya shi ya cusa a baki na gaba. Idan rodin ya kauce hanya, sai ya riƙa naɗewa yana bulala a fili. A gaba kuma akwai almakashin inji da ke datse rodi, da na'urar lanƙwasa shi, da bel-bel masu jan kaya.

Gangunan murza ƙarfe ba sa sakin abin da suka kama. Idan suka cafki bakin riga ko safar hannu, yatsu za su bi, tafin hannu ya bi, wani lokaci har gwiwar hannu. Raunin da ke fitowa daga nan na murƙushewa ne haɗe da ƙuna, wanda ya fi yanka wuyar gyara.

Garejin walda da ƙaramin injin da aka raina

Ba sai an je Legas ba. A bakin titi a Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir, da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ga rumfar mai walda ba. Su ke ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje da amalanke, kuma su ne ke haɗa da yawa daga cikin injunan casa da na ɓarza da na markaɗe da ake amfani da su a karkara.

Kayan aikin da ya fi raunata hannu a irin waɗannan rumfuna shi ne ɗan ƙaramin injin hannu mai faifai, wanda ake yanka ƙarfe da goge walda da shi. Ƙaraminsa kan juya kimanin sau 11,000 a minti ɗaya, wato fiye da sau 180 a daƙiƙa guda. Babu hannun da zai iya janyewa kafin faifan ya riga shi.

Kamfanin da ya ƙera shi kan sa masa murfi da ke rufe rabin faifan, da mariƙi na biyu a gefe. A rumfuna da yawa, waɗannan biyun ne ake fara cirewa. Ana cire murfin ne don a ɗaura faifan da ya fi ƙarfin injin, ko don a samu shiga lungu. Babban faifai an yi shi ne don injin da ke juyawa a hankali, kimanin sau 6,500 a minti, don haka idan aka ɗora shi a kan ƙaramin inji yana iya tarwatsewa, gutsattsarinsa su tashi kamar harsashi.

Faifan yanka ma yana da wa'adi, a kan buga shi a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa. Wanda ya kwana a danshi ko ya faɗi ƙasa ya tsage, ko da tsagar ba ta fito fili ba, bai kamata ya hau inji ba.

Su wa ke riƙe da wannan inji? Sau da yawa yaran shago ne, masu shekara 13 zuwa 18, waɗanda iyaye suka damƙa wa maigida amana don su koyi sana'a. Koyon kuwa da ido ne. Yaro ya ga yadda ogansa ke yi, shi ma ya yi. Idan oga ba ya sa murfi, yaron zai buɗe tasa rumfar bai taɓa sanin amfaninsa ba.

Abubuwan da ke maimaita kansu

Idan aka bi diddigin yadda raunukan ke faruwa, a gona ne ko a gareji ko a kamfani, dalilan ba su da yawa.

Na farko shi ne gyara ko share inji yana aiki. Mai markaɗe na tura tattasai da yatsa, mai casa na zaro kara, ma'aikacin kamfani na cire abin da ya maƙale a bel, duk don kada a ɓata mintunan kashewa da tayarwa.

Na biyu shi ne bel da ƙafafun inji da aka bari tsirara. Injin niƙa na ƙauye kan zauna a ɗaki ƙarami mai duhu, dogon bel na gudu a tsakiya, yara da 'yan mata masu kawo niƙa na gittawa. Hannun babbar riga, da gefen hijabi, da rawani, da zobe, da carbin da aka naɗe a wuyan hannu, kowannensu ya isa ya ja mutum.

Safar hannu ma a nan takan zama tarko. Tana kare mai ɗaukar kwano ko mai taɓa ƙarfe mai zafi, amma kusa da abin da ke juyawa, ita ce ke fara maƙalewa ta ja hannun ciki. Wannan na cikin abubuwan da masu horar da ma'aikata ke yawan nanatawa, kuma mutane da yawa ba su sani ba.

Na uku shi ne wutar lantarki. An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ba wanda ya tuna ya kashe makunni. Wani ya zauna yana canza faifai ko yana share cikin inji, sai kawai a dawo da wuta, ko wani a waje ya tayar da janareta.

Na huɗu gajiya ce. A inda ake biyan mutum gwargwadon buhun da ya casa ko tan ɗin da ya loda, hutu asara ne. A kamfanonin da ake yin awa 12 a tsaye, ƙarshen aikin dare lokaci ne da ido ke rufewa da kansa. Wasu matasan kan nemi taimakon ƙwayoyi irin su tramadol don su jure, alhali ƙwayar na dusashe hankalin da ake buƙata a gaban inji.

Awannin farko

A hannun ɗan Adam akwai ƙasusuwa 27, da jijiyoyin motsi da na ji da na jini da suka sarƙe da juna a ɗan ƙaramin wuri. Likitoci kan ƙiyasta cewa babban yatsa shi kaɗai na ɗauke da kimanin kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu. Idan babu shi, riƙe fartanya ko allura ko alƙalami ya zama aiki.

Mayar da gaɓar da ta guntule ba sabon abu ba ne a duniya. A 1963, wani likita a birnin Shanghai na ƙasar Sin, Chen Zhongwei, ya jagoranci mayar wa wani ma'aikacin masana'anta hannunsa da inji ya datse, hannun kuma ya rayu. A 1965 likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka mayar da babban yatsan da ya cire gaba ɗaya. Amma irin wannan tiyata na buƙatar ƙwararru da madubin ƙara girma, kuma tana tsere da lokaci.

Yatsa, da yake ba shi da tsoka sosai, kan iya jure kimanin awa 12 ba tare da sanyi ba, ko kusan awa 24 idan an sanyaya shi yadda ya dace. Hannu ko damtse mai tsoka kuwa, bayan kimanin awa 6 a cikin zafi ya fara lalacewa.

Abin da likitoci ke so a yi a wurin da abin ya faru ba shi da tsada. A fara kashe injin. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji. A cire zobe da agogo kafin kumburi. Idan wani sashe ya guntule, a ɗauraye shi a hankali da ruwa mai tsabta, a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin kula mai ruwa da ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai-tsaye, kada kuma a jiƙa shi cikin ruwa ko fetur.

Abin da aka fi yi a zahiri daban ne. A kan zuba wa rauni fetur, ko man birki, ko baƙin mai, ko ƙasa, ko toka, da niyyar tsayar da jini. Waɗannan na ƙona naman da ya rage da rai, suna kuma shigar da ƙwayoyin cuta, ciki har da na tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Wasu kan ɗaure damtse da roba ko waya su bar shi awanni, har hannun da za a iya ceto ya mutu. Guntun yatsan kuwa sau da yawa a nan take ake binne shi.

Daga nan sai a nufi kemis mafi kusa, a ɗinke fata a rufe. Jijiyar da ta tsinke a ciki ba a ganinta, sai bayan makonni a lura yatsan ba ya lanƙwashewa ko ba ya jin taɓi. Idan da karaya, akan kai wa mai ɗori. Masu ɗori na da daraja a karkara, amma raunin inji da ya haɗa da buɗaɗɗen nama da murƙushewa ya fi ƙarfin karare da tsumma, kuma ɗaurin da ya yi tsauri kan toshe jini har gaɓa ta ruɓe. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan yadda hakan ke kai wa ga yanke gaɓoɓin da da farko ba su kai a yanke ba.

Manyan asibitocin da ke Bichi da Ɗambatta na iya tsayar da jini, su wanke rauni, su yi allurar tetanus, su tura mara lafiya gaba. Ƙwararrun ƙashi da na gyaran jijiya kuwa suna birni, a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsakanin ƙauye da waɗannan asibitoci akwai neman mota, da neman kuɗin mota, da jiran shawarar manya. A nan ne awannin ke ƙarewa.

Ko bayan tiyata, aiki bai ƙare ba. Hannun da aka gyara na buƙatar makonni ko watanni na gashi da motsa jiki a asibiti, in ba haka ba ya sandare. Ga mutumin da cinsa na yau ya dogara da aikinsa na yau, zuwa birni sau biyu a mako abu ne mai wuya.

Me doka ta ce?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk wani sashe na inji mai haɗari, ta kuma hana a sa wanda bai samu horo ba a kan inji sai da mai lura da shi. Ta ce duk haɗarin da ya yi kisa, ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku, dole a kai rahotonsa ga jami'an duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Sai dai tarar da ke cikinta an rubuta ta ne da darajar naira ta wancan zamani, don haka ba ta tsorata kowa a yau.

Akwai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa. A ƙarƙashinta, mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusu, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashinsu. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, asusun ne ke ɗaukar magani da diyya, ba tare da sai an tabbatar da laifin wani ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya na da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da mai koyon sana'a. Dokar ta kuma sa wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai kamfani cikin kwana 14, mai kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Duk wata yarjejeniya da aka sa ma'aikaci ya sa wa hannu cewa ya yafe wannan haƙƙi, ba ta da ƙarfi a gaban doka.

Matsalar ita ce ɗan ci-rani ba ya cikin kowane littafi. Ta hannun ɗan kwangila ya shiga, a bakin ƙofa ake kiran suna da safe, a hannu ake biyansa. Dokar Ƙwadago ta ce a bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki, amma da yawa kan shekara ba su ga ko katin shaida ba. Ranar da inji ya kama shi, akan biya kuɗin ɗinki, a ba shi na mota, a ce ya je gida ya huta. Washegari wani ya tsaya a gurbinsa.

Raunin sa ido a kan masana'antu ya fito fili a watan Yunin 2020, lokacin da 'yan sanda a Kano suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin sarrafa shinkafa, inda aka tsare su suna aiki na tsawon watanni a lokacin kullen korona.

A ƙauye kuwa, inda mai inji maƙwabci ne ko ɗan'uwa, maganar kan ƙare ne a zauren mai unguwa ko dagaci, da kalmar ƙaddara. Imani da ƙaddara ginshiƙi ne, amma fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Kano bai ɗauki gaɓar mutum da wasa ba. A babin diyya, hannu ɗaya rabin diyyar rai ne, kowane yatsa kuma kashi ɗaya cikin goma, wato raƙuma goma. Ko diyya ta hau kan wani a haɗarin inji, wannan hukunci ne na alƙali bisa yadda abin ya faru. Amma ma'aunin ya nuna darajar abin da ake sallamarwa da kuɗin mota.

A duniya baki ɗaya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sakamakon haɗurra da cututtukan wurin aiki, wasu kimanin miliyan 395 kuma na jin raunukan da ba su kai ga kisa ba. Irin waɗannan alƙaluma na dogara ne da abin da aka rubuta. Yatsan da aka binne a bayan rumfar walda ba ya shiga lissafi.

Gyaran da bai fi ƙarfin maƙeri ba

Indiya ta sha irin wannan matsala lokacin da injunan casar alkama suka bazu a jihohi irin su Punjab da Haryana, inda leburori da yawa suka rasa hannaye. A 1983 ƙasar ta yi dokar injuna masu haɗari, hukumar kula da ingancin kaya kuma ta fitar da ma'auni: maƙogwaron da ake tura amfanin gona ta cikinsa ya kai tsawon santimita 90, a kuma rufe aƙalla santimita 45 na ɓangaren da ke kusa da haƙoran injin. Hikimar a fili take. Ko mutum ya miƙa hannu, ba zai kai inda haɗarin yake ba.

Wannan gyara ne na falle ɗaya na kwano da 'yan sandunan walda. Tun da a Kano ake haɗa yawancin injunan, ƙungiyoyin masu walda da maƙera na iya mayar da shi ƙa'ida a tsakaninsu, manoma da ƙungiyoyinsu kuma su ƙi hayar injin da bakinsa gajere ne ko bel ɗinsa a buɗe. Haka ma gwamnati da ƙungiyoyin da ke raba injuna a matsayin tallafi, suna iya sa wannan sharaɗi kafin su saya.

A manyan masana'antu, hanyar da aka sani ita ce kulle makunni da kwaɗo. Duk wanda zai sa hannu cikin inji sai ya kashe wutar, ya sa nasa kwaɗon, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Amurka ta mayar da wannan doka tun 1989. A ƙaramar rumfa, daidai da wannan shi ne zare waya daga soket kafin a taɓa faifai. Akwai kuma makunnin da ba ya tayar da inji da kansa idan wuta ta dawo, sai an sake danna shi.

Yankin ba ya rasa inda za a koyar da waɗannan. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Horon yini guda ga masu injin casa kafin kaka, da na masu kemis da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi kan yadda ake adana yatsan da ya guntule, ba zai ci wani babban kasafi ba.

Ga matashin da ke shirin tafiya ci-rani kuwa, akwai abin da ke hannunsa. Ya san cikakken sunan kamfanin da na ɗan kwangilar da ya kai shi. Ya ajiye duk wata shaida ta biyan kuɗi a wayarsa. Idan tsautsayi ya faɗa, a ɗauki hoton raunin da na injin, a karɓi takardar asibiti, a riƙe lambar waɗanda abin ya faru a gabansu. Da waɗannan ne ofishin NSITF, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da reshe a Kano, za su iya sauraron ƙorafinsa.

A ƙasar Hausa da hannun dama ake cin tuwo, da shi ake musabaha, da shi ake karɓa a bayar. Wanda ya rasa shi yakan koma ƙauye ya tarar da gonar da ba zai iya nomewa ba, ga iyali, wani lokaci ga maganar aure da ta tsaya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba shi kariya a takarda, amma wanda zai ɗauke shi aiki a kasuwa hannu yake fara kallo.

Idan kaka ta zagayo gero zai nuna, dawa ta biyo baya, a sake jawo injuna bakin gona. Kafin lokacin, mai inji na da damar kai shi wurin mai walda a ƙara wa bakinsa tsawo, a rufe bel ɗin.